Mai Kwalba Ko Mai Turansista: A Bar Kunne Ya Yi Alƙalanci

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da aka yi a gabana a Agege, bayan sallar isha'i, a ƙofar shagon wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro. Akwai wani dattijo mutumin Azare wanda ya haura shekara 70, ya kuma yi fiye da rabinsu a nan Kurmi. Yanzu ya gama ginin gidansa a Azare, yana shirin komawa ya huta. Sai ya ce wa ɗan ƙanensa, wanda sana'arsa gyaran rediyo da waya, ya nemo masa kayan sauti na zaure, amma da sharaɗi ɗaya: amfilifayar ta zama mai kwalba, irin wadda ke cikin rediyon da ya sani yana yaro.

Yaron ya ce, "Baba, wannan ai kayan tarihi ne. Har gobe Turawa na ƙera su, amma kuɗin guda ɗaya sai ya saya maka na zamani da yawa."

Dattijon ya ce, "Kai yaro ne. Ba ka taɓa jin Shata ta cikin akwatin katako ba. Na yanzu ƙara kawai suke yi, ba su da murya. Da tsohuwar zuma ake magani."

Aka yi ta ja, wasu na bayan Alhaji, wasu na bayan yaro, har dare ya raba. Ni kuwa ra'ayina shi ne: kunnen Alhaji bai yi masa ƙarya ba, amma yaron ne ke kan hanya game da inda kuɗi ya kamata su tafi. Tun da yake da yawa daga cikinmu muna tara abin da muka samu da gumi don mu ƙawata gidajenmu na Arewa, ya kamata a baje maganar a faifai.

Kwalba da turansista

Da farko, mece ce amfilifaya? Sautin da ke fitowa daga faifan garmaho, ko kaset, ko tashar rediyo, ko wayar hannu, ɗan ƙanƙanin motsin lantarki ne wanda ba zai iya girgiza lasifika ba. Amfilifaya ita ce ke ƙara masa ƙarfi har ya cika ɗaki. Kowane rediyo yana da ita a cikinsa, ko da mai shi bai sani ba.

Hanyar da aka fara yin wannan aiki ita ce da wata 'yar kwalbar gilashi mai kama da ƙwan lantarki, wadda aka zuƙe iskar cikinta. Masu gyara na kiranta bawul. Wani Bature na Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro ta farko a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata waya ta uku a 1906, wadda da ita ne aka samu hanyar ƙara ƙarfin sauti. Ita kwalba ba ta aiki sai an gasa wani zare a cikinta ya yi ja, shi ya sa rediyon da ake jonawa da lantarki a da sai an kunna an jira ya ɗumama kafin ya yi magana.

Turansista kuwa a ƙarshen 1947 aka gano ta a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, kuma mutum uku da suka yi aikin, Bardeen da Brattain da Shockley, sun sami lambar Nobel a 1956. 'Yar ƙwaya ce, ba ta bukatar gashi, ba ta fashewa, kuma batirin tocila ya ishe ta. A 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu mai turansista a Amurka, kamfanin Sony na Japan ya bi baya a 1955.

Duk wanda ya san ƙasar Katagum ya san abin da wannan canji ya haifar. Tun da aka mai da hedkwatar masarauta daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, Azare ce matattarar ma'aikatan En'e da manyan fatake, kuma a zamanin kwalba rediyo kayan irin waɗannan gidaje ne. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma inda babu lantarki sai an haɗa shi da wani ƙaton batir mai kama da bulo. Talaka sai dai ya tsaya a ƙofar gida ya saurara. Da turansista ta zo, sai ga rediyo a gonar manomi a Gamawa, ga shi a kafaɗar makiyayi a dajin Shira, ga shi a teburin mai shayi a Itas da Giyaɗe. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, kuma turansista ce ta kai su rugage da ƙauyuka. Mu ma nan Kudu da ita muka riƙa jin gaisuwar 'yan'uwa a filin Zaɓi Sonka. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata suka cika gidajensu da rediyo mai garmaho da rikoda, irin su National da Sanyo da Philips, kuma kafin a ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 mai kwalba ya riga ya koma kan kabad yana shan ƙura.

Inda Alhaji ke da gaskiya

To, me ya sa har yau dattawa ke cewa na da ya fi daɗin murya? Akwai dalilai uku waɗanda masana lantarki sun auna su, ba zancen baki ba ne.

Na farko, babu amfilifayar da ke fitar da sauti tsantsa yadda ya shiga. Kowace tana ƙara wasu 'yan muryoyi nata a kan na asali, kamar 'yan amshi a bayan mawaƙi. Rediyon gida na da, mai kwalba ɗaya a mafitar sauti, yawancin abin da yake ƙarawa murya ce da ta ninka ta asali sau biyu daidai. Wato kamar yaro ne ke bin babba da waƙa ɗaya, murya ta fi siriri amma kari ɗaya ne. Kunne ba ya jin wannan a matsayin aibi, sai ma ya ji murya ta cika, ta yi maiƙo. Amfilifayoyin turansista na farko, na shekarun 1960, da yawa daga cikinsu 'yan amshinsu ba su bin kari, sai sauti ya riƙa ƙaiƙayi a kunne. A nan ne turansista ta yi baƙin suna, kuma sunan ya bi ta har bayan an gyara aibin.

Na biyu, abin da ke faruwa in an murɗa ƙara fiye da ƙarfin na'ura. Ita kwalba a hankali take gajiya, tana lanƙwasa sautin kamar bayan ƙwarya. Turansista kuwa tana tafiya lafiya lau har ta kai iyakarta, sannan ta datse kan sautin kamar an sa wuƙa. Kowa ya taɓa jin amsa-kuwwar masallaci ko ta mai tallan magani a tasha in an ƙure ta, yadda murya ke tsagewa tana soke kunne. Wannan shi ne datsewar. Wani injiniya, Russell Hamm, ya buga bincike a kan wannan bambanci a Amurka a 1973.

Na uku, riƙon lasifika. Ku ɗauki lasifika kamar doki ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katagum, amfilifaya kuwa ita ce mahayi. Turansista tana riƙe da linzami tamau, in ta ce tsaya, takardar lasifika ta tsaya nan take. Mai kwalba, wadda sai ta bi ta cikin taransifoma kafin ta isa lasifika, linzaminta a sake yake, doki kan ƙara taku ɗaya bayan an ja shi. Saboda haka ganga kan yi kauri, ta yi ɗan jan amo a mai kwalba. Wani na jin daɗin haka, wani kuwa ya ce kiɗan ya kwaɓe.

Amma fa a lura, duk ukun nan ƙari ne na'ura ke yi a kan abin da makaɗi ya buga. Yaji ne. Shi ya sa masu kaɗa jita a duniya har yau suke son amfilifayar kwalba irin ta Fender da Marshall: da gangan suke ƙure ta don su sami wannan yaji, domin su ne masu girkin. Mu kuwa masu sauraro a gida, an riga an gama girki an kawo mana. Ba aikin mai ɗauko akushi ba ne ya ƙara gishiri a hanya.

Inda tuna baya ke ruɗin mu

Akwai kuma abin da Alhaji bai sa a lissafi ba. Rediyon da yake tunawa akwatin katako ne babba, da lasifika mai faɗin inci 6 ko 8 a ciki. Wanda ya zo ya maye gurbinsa kuwa ɗan akwatin roba ne da lasifika wadda ba ta wuce bakin kofin shayi ba. In aka gwada waɗannan biyu, ai ba kwalba da turansista aka gwada ba, tulu aka gwada da gwangwani. Rabin daɗin da muke jingina wa kwalba na katako ne da girman lasifika.

Bugu da ƙari, tashoshin da muke kamawa a gajeren zango da matsakaicin zango ba su ɗauko sautuka masu kaifi sosai. Kunnen matashi na jin motsin sauti har kusan 20,000 a daƙiƙa, amma irin waɗannan tashoshi ba su cika wuce 5,000 ba. Wato an riga an tace duk wani kaifi tun daga hanya, sai taushi ya iso. Sannan ga zauren ƙasa mai kaurin bango, da tabarmi da buzu a shimfiɗe, waɗanda ke shanye amsa-amo. A ɗauki rediyon nan a kai shi falon siminti mai tayil da rufin kwano, za a ji ya zama wani abu dabam.

Na ƙarshe kuwa, wanda ya fi wuyar faɗa wa dattijo: kunnen ɗan shekara 15 ne ya ji wancan sauti, a zauren mahaifinsa, iyaye na raye, abokai na kusa. Wanda ya daɗe a baƙon wuri ya san yadda abincin gida ke ƙara daɗi a cikin tunani. Ba a sayar da wannan a kowace kasuwa.

Abin da gwaji ya nuna

Ba mu kaɗai muka yi wannan gardama ba. A 1985 wani maƙerin kayan sauti na Amurka, Bob Carver, ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile, waɗanda sana'arsu ke nan sauraron irin waɗannan na'urori. Ya ce su zaɓi amfilifayar da suka fi so, shi kuwa zai gyara tasa mai turansista, mai araha, ta yi murya irin tata. Suka kawo wata mai kwalba mai tsadar gaske. Ya yi 'yan kwanaki yana daidaita tasa, da aka zo sauraro editocin suka amsa cewa sun kasa bambanta su.

Haka kuma a farkon 1987 mujallar Stereo Review ta buga sakamakon wani gwaji inda aka ɓoye wa masu sauraro na'urar da ke aiki, aka daidaita ƙara ta zama ɗaya, ba a kuma ƙure kowace ba. A cikin waɗanda aka gwada har da wata ƙaramar Pioneer mai araha, da wata mai kwalba ta dubban daloli. Gaba ɗaya amsoshin masu sauraron ba su fi na mai canki-canka ba.

Darasin shi ne: in na'ura biyu duk ƙirar kirki ce, aka ba su lasifika ɗaya da ƙara ɗaya, ba a wuce ƙarfinsu ba, to bambancin kan ƙanƙance ƙwarai, abin da ya saura kuwa ana iya kwaikwayonsa. Ido ne ke ganin kwalba tana ja a cikin duhu, ya ga farashi, sai ya raɗa wa kunne cewa wannan ta fi.

A kai ta Azare a gani

Yanzu mu bar Amurka mu koma gida, domin a can na'urar za ta zauna. Ku ɗauki shahararriyar amfilifayar nan Dynaco ST-70 da aka fara ƙerawa a 1959, mai ba da wat 35 a kowane ɓangare. Tana da manyan kwalabe huɗu samfurin EL34, kuma gasa zaren kowace ɗaya na cin wat 9 da rabi. Wato kusan wat 40 sun tafi a gashi kawai, tun ba a ji ko tari ba. A cikinta akwai wutar da ta haura bolt 400, gilashin kuwa kan yi zafin da zai ƙona hannun jikan da ya taɓa. Ku tuna yadda Azare take a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wa zai so murhu a zaurensa?

Sai maganar wuta. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa kamfanonin da aka sayar wa rarraba wuta a 2013, mun san halin lantarki a garuruwanmu: ta zo, ta ɗauke, ta yi ƙasa, ta yi sama. In ta yi sama tana rage kwanan kwalba, in ta yi ƙasa murya ta raunana. Gidaje da yawa yanzu sun koma sola da batir. Amfilifayar turansista ta zamani, irin wadda ake kira ajin D, tana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci zuwa lasifika, wasu ma kai tsaye suke aiki da batir mai bolt 12. Mai kwalba kuwa sai ta shanye batirin da aka tanada don fanka da fitila.

Sannan kwalba tana tsufa. Manyan kan yi aikin 'yan dubban sa'o'i sai a canja su. Ina za a samo? Galibin masu ƙera su a yau suna Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sun yi wuya, farashinsu ya tashi a duniya. Ko an samo, sai an sami mai gyaran da ya san aikinta, alhali yaranmu masu gyara a Azare da Misau da Jama'are a kan turansista suka koyi sana'a. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Na'urar da in ta lalace sai an ɗauke ta zuwa Kano, ko an jira saƙo daga ƙetare, ba abokiyar hutun tsoho ba ce.

Shawara ga mai saye

Saboda haka ga abin da na faɗa wa Alhaji, shi kuma nake faɗa wa duk mai shirin kai kayan sauti gida. Ka sayi amfilifayar turansista mai inganci, sannan mafi yawan kuɗinka ka zuba su a lasifika, domin a nan bambanci na gaskiya yake. Ka nemi mai akwatin katako mai nauyi. Kada manyan lambobin wat da ake rubutawa a jikin kwali su ruɗe ka: ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne, sai an ninka kamar sau 10 kafin a ji ƙara ta ninka. Amfanin ƙarfi shi ne kada ka kai na'ura iyakarta, don kada ta datse.

In ka je Alaba, ko Sabon Gari a Kano, tafi da abin da kunnenka ya sani. Ka sa kalangun Mamman Shata ka ji ko ganga na tashi tana sauka da maganarta, ko kuwa ta zama dum-dum kawai. Ka sa kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko gurmin Haruna Uji na maƙwabtanmu Haɗejiya, ka ji ko tsirkiya na fita tsaf. Ka sa karatun alaramman da ka saba ji, domin babu abin da kunne ya ƙware a kai kamar muryar mutum. A haɗa na'urorin da lasifika ɗaya, a daidaita ƙara, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa, kuma masu shago sun san haka. Sannan ka juya baya, abokinka ya riƙa canjawa ba tare da ka sani ba. In ka kasa bambancewa, ɗauki mai araha. In ka isa gida, ka shimfiɗa darduma, ka rataya labule, kada ka cusa lasifika a lungu.

Wanda kuwa Allah ya hore masa, yana da tsayayyar wuta da mai gyara a kusa, ya kuma gwada ido rufe ya ji yajin kwalba ya fi masa, to ya saya, ba laifi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayar da buhunan goro don sayen abin da ba a cikin kwalba yake ba.

Kira ga 'yan gwangwan

Akwai magana ɗaya da ta rage. Da yawa daga cikin yaranmu a nan Kudu sana'ar gwangwan suke yi, kuma tsofaffin rediyoyi irin su Grundig da Philips da Pye da Bush kan faɗo hannunsu daga gidajen da ake kwashewa. Sai a sa guduma a fasa don a ciri 'yar wayar tagulla da ke cikin taransifoma. Wannan asara ce. Akwai masu neman irin waɗannan kaya don ajiya, kuma lafiyayye ya fi gutsattsarinsa daraja. Ku tambaya kafin ku fasa.

Haka nan wanda ke da na gado a ɗakin tsohuwa a Azare ko Katagum, kada ya yar, kada kuma ya yi gaggawar jona shi da wuta. Kondensar da ta shekara 50 a ajiye tana iya fashewa, tana kuma iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare soket. A kai wa masani ya duba tukuna. In amfilifaya ce mai kwalba, kada a kunna ta ba lasifika a jone, domin hakan na iya ƙona taransifomarta. A share shi, a gyara, a riƙa kunnawa jikoki su ga abin da kakanninsu suka taru a gabansa suka ji labarin samun 'yancin kai a 1960.

Alhaji dai bai ce ya yarda ba, dattijo ba ya saurin sauka. Amma da zan tashi na ji yana ce wa yaron, in Allah ya kai mu Asabar ya zo su tafi kasuwa tare, ya kuma taho da waƙoƙin Shata a wayarsa.

Allah ya albarkaci nemanmu, ya mai da mu gida lafiya. Wasalam.